Ziyarar gida don renon ƙananan yara: yadda za ku kafa ta a unguwarku

Gidajenmu a Garwa, Marwa da Ngaundare, a nan arewacin Kamaru, sun saba da sallamar ma'aikatan lafiya. Masu ɗigon shan-inna su shigo, su ɗiga wa yara, su yi rubutu da alli a bango su wuce. Idan damina ta kankama, masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda tun 2016 ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, su zagayo wata-wata. Akwai wata irin ziyara kuma da ba mu cika sani ba: mace ɗaya ta riƙa zuwa gida ɗaya mako bayan mako, ta zauna kan tabarma da uwa da ɗanta kamar awa guda, babu allura a jakarta, babu buhun abinci. Aikinta ta sa mutanen gidan su riƙa yi wa yaron magana, su yi wasa da shi, su lura da abin da yake nufi, su kuma gane ciwo tun bai ci ƙarfinsa ba. Wannan jagora ta ƙungiyar mata ce, ko kwamitin lafiya na unguwa, ko ma'aikacin asibiti da ke son kafa irin wannan aiki.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashe

Binciken da kowa ke kafa hujja da shi a Kingston aka yi shi, babban birnin Jamaika. A 1986 da 1987 likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, dukkansu sun tsumbure saboda ƙarancin abinci, suka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana ba su kilo guda na madara kowane mako. Kashi ɗaya ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana zuwa gidansu kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Kashi na uku sun sami duka biyun, na huɗu kuwa kulawar asibiti ta yau da kullum kawai. Da farko madarar da wasan duk sun yi amfani. Da shekaru suka ja, amfanin madarar ya dushe, na wasan ya tsaya. Bayan shekara 20 aka nemo su, aka tarar kuɗin da waɗanda aka ziyarta suke samu ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Yaran ba su da yawa, kuma kada wani ya ɗauka abinci ba kome ba ne. Amma yaro mai cikakken ciki da ba mai yi masa magana an tauye shi ta wani gefe.

A Amurka David Olds ya fara gwaji a garin Elmira a 1977, inda nas-nas ke ziyartar masu cikin fari har yaro ya shekara biyu, kuma bayan shekara 15 an ga cin zarafin yara da sakaci da su sun ragu a gidajen. Da aka kai tsarin Ingila, babban gwajin da aka yi can bai ga wani ƙarin amfani ba a manyan abubuwan da aka auna. A Kolombiya ziyarar mako-mako ta wata 18 ta ƙara wa yara fahimta, amma shekara biyu bayan an daina, bambancin ya ɓace. Mafi kusa da mu Nijar ce: a jihohin Doso da Maraɗi gwamnati ta riƙa ba gidaje marasa ƙarfi sefa 10,000 a wata, wasu ƙauyuka kuma aka haɗa musu da taron faɗakarwa da ziyarar gida. Iyaye sun gyara yadda suke ciyarwa da reno, halayyar yaran ta ɗan inganta, amma tsayinsu, nauyinsu da fahimtarsu ba su motsa ba.

Da aka tattara gwaje-gwaje 102 daga ƙasashe 33 a 2021, an ga tallafa wa iyaye a shekaru uku na farko yana ƙara wa yara harshe da fahimta, kuma amfanin ya fi girma a ƙasashe marasa ƙarfi, da inda aka koya wa iyaye lura da yaro da amsa masa. A ganina abin da ya raba wanda ya yi tasiri da wanda bai yi ba shi ne: ziyarar tana yawaita, uwa ce ke yin abin da hannunta, kuma akwai mai bin sawun mai ziyarar. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan uku suka tsaya.

Mataki na 1: ku fara da asibitin unguwa da masu unguwa

Kafin ku taka gidan kowa, ku je wurin shugaban cibiyar lafiya da ke kula da yankinku. Mai ziyara za ta ga jariri mai numfashi sama-sama, za ta ga yaro mai kumburin ƙafa, kuma dole ta san ƙofar da za ta tura su da wanda zai karɓe su. Ku nemi sanin ma'aikatan lafiya na al'umma da ke aiki a unguwar, don kada ku yi ta karo da juna a gida ɗaya. Daga nan sai jauro ko lawan, da limamin unguwa, da fasto idan unguwar gauraye ce, kamar yadda yawancin unguwanninmu suke. Liman ya faɗi kalma biyu bayan sallar Juma'a ya fi muku takarda mai hatimi.

Mataki na 2: waɗanne gidaje

Ku fara da kaɗan. Ku bi layi-layi ku rubuta masu ciki da yaran da ba su kai shekara uku ba. Waɗanda za a sa gaba su ne yarinya mai haihuwar fari, mai tagwaye, jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5, yaron da aka sallamo daga jinyar tamowa, yaro mai nakasa, matar da mijinta ya rasu ko ya yi nisa, da iyalan da rikicin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga ko ambaliyar Logone ta koro suka raɓe a gidajen dangi. Sai dai ku kula: idan aka fahimci gidan matalauta da masu tamowa kaɗai kuke shiga, za a fara rufe muku ƙofa, don ba mai son a nuna gidansa da baki. Gara ku ɗauki layi guda gaba ɗayansa, har da gidan Alhaji mai shago, sannan ku ƙara yawan zuwa inda buƙata ta fi.

Mataki na 3: wace ce za ta yi ziyarar

Mace, 'yar unguwar, wadda ta yi reno, wadda ake jin daɗin shigowarta. Takardar makaranta ba ita ce gaba ba, in dai tana iya karanta kwanan wata a karne, wato katin rigakafin yaro, da rubuta layi biyu, da boko ko da ajami. Ƙungiyar Philani ta Afirka ta Kudu tana zaɓen matan da talauci ɗaya suke ciki da maƙwabtansu amma 'ya'yansu suna cikin ƙoshin lafiya, kuma dabara ce da za ta yi aiki a nan. Harshe ma abin dubawa ne. Gidan Bahaushe a Garwa sau da yawa uwar yaron Fulatanci ta fi sakewa da shi, a Mora za ku buƙaci mai jin Barbarci ko Mandara, a Kusiri mai Larabcin Shuwa. Da harshen da uwa ke yi wa ɗanta rarrashi za a yi aikin.

Mai surutu kada ku ɗauke ta, ko da ta fi kowa ƙwazo. Ranar da maganar wani ɗaki ta fita a gidan biki, aikin ya mutu a layin nan.

Horon kada ya zama zama a benci ana kallon allo. A kawo yara na gaske da uwayensu, kowace ta gwada, a gyara mata. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2012 kan kula da bunƙasar yaro yana nan da Faransanci, haka manhajar Reach Up da aka ciro daga aikin Jamaika abin nema ce. Shawarata kada mace ɗaya ta wuce gida 10 zuwa 15 idan sa-kai take yi. Kuma ku tanadi ɗan abin da za ku riƙa ba ta, ko na sabulu da kuɗin babur ne, a kan lokaci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mataki na 4: shiga gidan

Nan ne yawancin shirye-shirye ke tuntuɓe, domin an tsara su kamar uwa ita kaɗai ke da yaro. A gidanmu yaro na mutane da yawa ne, kuma mai jego 'yar shekara 17 ita ce mafi ƙarancin iko a kansa.

Maigida tukuna. Namiji daga cikin kwamiti ya same shi a zaure ko a bakin masallaci, ya faɗa masa gaskiya tun bai tambaya ba: "Malam, ba kuɗi muke rabawa ba, ba kuma maganin hana haihuwa ba ne. Wance ce, ka san ta, za ta riƙa shigowa wurin iyalinka ranar Talata don ɗanka ya tashi da wayo da lafiya. In ka ga abin da bai yi maka ba, ni za ka nema." A Ruwanda shirin Sugira Muryango da gangan ya jawo iyaye maza cikin ziyarar, kuma an ga duka da tashin hankali sun ragu a gidajen. Ko minti biyar maigida ya tsaya ya ga ɗansa ya jefa murfi a gwangwani, riba ce.

Sai kaka. Ke mai ziyara, idan kin shiga, ɗakin tsohuwa za ki fara, ki durƙusa ki gaishe ta yadda ya kamata, sannan uwargida, sannan wadda kika zo dominta. Kada ki shigo da "an ce a asibiti". Ki ce mata: "Inna, ke kika reni uban yaron nan, ba ni zan koya miki reno ba. Waƙar da kike yi masa yana goye nake so ki yi wa wannan angon naki mu ji." Za ta yi dariya, kuma za ta yi.

Dalilin da ya sa kaka ta zama ginshiƙi shi ne kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wata ko kallonsa ba ta cika yi ba idan da mutane, kuma a gidajen da suka haɗa jini da Fulani abin ya fi tsanani. Idan kin ce wa irin wannan yarinya ta kalli idon ɗanta ta yi masa gwaranci a tsakar gida, za ta sunkuyar da kai kawai, ke kuma ki tafi kina cewa ba ta damu da shi ba. Ta damu. Ki shiga ɗaki da ita ku biyu, ki nuna mata lokutan da ba mai ganinta: shayarwar dare, wanka, shafa mai. A tsakar gida kuwa kaka ce mai lasisin wasa, tunda al'ada ta ba ta damar tsokanar jika, ta kira shi miji ko ta kira ta kishiya. Yayyen yaron 'yan shekara 8 ko 10, waɗanda a zahiri su ke yini da shi a baya, su ma a zaunar da su.

Gida mai kishiyoyi, idan duk suna da ƙananan yara, ki haɗa su duka ko ki raba lokacin daidai. Kada ki karɓi ƙarar wata a kan wata.

Mataki na 5: yadda awa guda za ta kasance

Ki zo lokacin da aka sauke tukunya, ba lokacin da hayaƙi ya turnuƙe ba, kuma rana ɗaya a kowane mako don a san da zuwanki. Bayan gaisuwa, ki tambayi uwar lafiyarta ita kanta kafin ta yaro. Sannan ki ce ta nuna miki wasan makon jiya. Kada ki tambaya "kin yi?", kowa zai ce ya yi. Ki miƙa mata abin ki ce "mu gani yadda kuka kai". Hannun yaron zai gaya miki ko an yi.

Sai sabon abu, guda ɗaya ko biyu. Ki nuna sau ɗaya, a taƙaice, ki mayar mata da yaron. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, domin ke kin iya, yaron yana miki dariya, kuma da daɗi. Amma ke awa ɗaya kike yi a mako, ita ke da sauran. Idan aka tashi ziyara yaron ya fi daɗewa a cinyarki fiye da tata, ba a yi aiki ba. Ki koma gefe ki kalla, ki yaba abin da ta yi daidai, ki kuma ambaci abin: "Kin ga da ya juya kai kika dakata, kika jira ya dawo? Haka ake so." Gyara kuwa guda ɗaya ya isa a rana.

Abin da ake koyarwa a ƙarƙashin kowane wasa abu ɗaya ne: ki kalli yaro, ki gane abin da ya ja hankalinsa, ki amsa masa. Ya yi ƙara, ki maimaita masa, ki jira ya sake. Ya nuna akuya, ki ce "akuya ce, ga ta tana cin dusa". Mutane za su ce miki jariri ba ya jin magana, me za a gaya masa? Kada ki yi gardama. Ki sa uwar ta yi magana daga gefen kunnensa, kowa ya ga ya juyo yana nemanta.

Kayan wasa ba a saye. Daga haihuwa zuwa wata 6, fuskar uwa da muryarta sun isa, sai ƙyalle mai launi da ake motsawa a hankali yana bi da ido, da kwantar da shi rub-da-ciki na ɗan lokaci yana farke ana kallonsa. Barci dai a rigingine. Daga wata 6 zuwa shekara, gorar roba da aka zuba tsakuwa aka ɗaure murfinta tam, ludayi da kwano ya yi ta bugawa, wasan ɓuya da mayafi, ɓoye abu a ƙarƙashin faifai ya nemo. Daga shekara zuwa biyu, sa abu a ƙwarya da fitarwa, jera murafan kwano ƙarami kan babba, motar kwali da zare, nuna hanci da kunne da baki. Daga biyu zuwa uku, 'yar tsana ta tsumma, ware manyan murafa kala-kala, babba da ƙarami, sama da ƙasa, hotunan da aka yanko daga kwalin shayi ko tsohuwar kalanda aka ɗinke su littafi, da tatsuniya gajera. Duk abin da zai shige bakin yaro gaba ɗaya ba abin wasa ba ne, haka gwangwani mai kaifin baki, tsohon batir da robar da aka taɓa zuba maganin ƙwarin auduga.

Kafin ki tashi, ta faɗa miki da bakinta abin da za ta yi cikin makon da lokacin da za ta yi shi. Ba a neman ta ajiye aiki. Tana tankaɗe tana ba shi labarin abin da take yi, tana wanke-wanke yana gefe da nasa kwanon. Ku rufe da waƙa, ki bar abin wasan a gidan, mako mai zuwa ki musanya shi.

Mataki na 6: kwanakin jego

Makon farko dokarsa dabam, don a nan aka fi rasa jarirai. A Gadchiroli ta Indiya, likita Abhay Bang ya horar da matan ƙauye su riƙa duba jarirai a gida, har da maganin cutar da ta shiga jini, mutuwar jarirai ta ragu da kashi 62 cikin 100 kamar yadda aka wallafa a 1999. Ke ba magani za ki ba da ba, ido za ki sa. Ki je ranar haihuwa, rana ta uku, da kafin suna ko washegarinsa, sannan ki tabbatar an koma asibiti a mako na shida. Tun da ciki ki tambaya ko ta yanki Chèque Santé, takardar sefa 6,000 da ke ɗauke awo, haihuwa da kulawar uwa da jariri har kwana 42 a asibitocin da ke cikin tsarin.

Jariri a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba, idan ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya cikakke da kika ƙirga da agogon waya, ko ƙirjinsa yana lotsawa sosai, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko shawara ta fito a ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Uwa kuma idan jini ya yi yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburi da haki. Mai hawan jini ko kumburi ta bar kunun kanwa, gishirinsa ya yi mata yawa.

Dakashi kada a matse a zubar, shi ne kariyar farko. Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, ban da toka, ban da man goge baki, sai abin da asibiti ya bayar. Zuma sai bayan shekara. Cire beli a kwanakin nan yana jawo zubar jini da cuta, kuma da maigida ake wannan magana, tunda shi ke kiran wanzami. Gardamar da za ki fi sha ita ce ta ruwa, musamman a Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Nono fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Uwa ta sha ruwan, ta yawaita ba da nono, har wata shida.

Mataki na 7: kwano, tef da takardu

Daga wata shida a fara abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Kunun da ke zuba daga cokali kamar ruwa cika ciki kawai yake yi. A dama shi da kauri, a sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin wake, ko garin busasshen kifin Lagdo ko Maga, ko ƙwai, da garin zogale da ɗan mai. Sau 2 zuwa 3 a rana daga wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9, da mangwaro ko gwanda a tsakani. Yaro ya sami kwanonsa, don a cikin taron yayye ba ya samun rabonsa. A zauna da shi, a lallaɓa, ban da ɗura.

Tef ɗin auna damtse, wanda ake gane tamowa da shi, na yara 'yan wata 6 zuwa 59 ne: ja ƙasa da milimita 115, rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125, kore daga nan zuwa sama. Ja, ko kumburin ƙafa biyu da ke barin rami idan an danna daƙiƙa uku, asibiti ne kai tsaye. A Mirya ta Nijar ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta nuna uwaye da kansu suna iya awon, don haka ki koya mata ki bar mata tef ɗin, musamman daga Yuli zuwa Satumba da rumbu ke yin ƙasa.

Ki riƙa buɗe karne: rigakafin haihuwa, na mako 6, 10 da 14, na wata 9 da na wata 15. Kamaru ce ƙasar farko da ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yau da kullum, a Janairun 2024, a gundumomin lafiya 42, don haka ki tambaya ko taku tana ciki. Takardar haihuwa kuma a yi ta cikin kwana 90. Wanda ya bari ta wuce, wata rana zai tsinci kansa a kotu yana neman hukunci lokacin da yaro zai zauna jarrabawar gama firamare.

Mataki na 8: ita uwar

Macen da zuciyarta ta mutu ba za ta yi wa yaro waƙa ba, ko kin kawo kayan wasa buhu guda. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata yadda za su saurari masu ciki da ke fama da ciwon damuwa su taimake su canza tunani. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna wata shida bayan haihuwa kashi 23 cikin 100 ne ke cikin damuwar, a inda ba a yi ba kuwa kashi 53. Ki tambaye ta ku biyu: tana samun barci idan yaro ya yi barci? Abin da take jin daɗinsa da, har yanzu tana ji? Tana yawan kuka? Ki saurara, kada ki yi saurin rufe ta da "ki yi haƙuri". Ki nemi wadda za ta ɗauke mata wani aiki a gidan, ki sanar da nas. Idan ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Duka kuma za ki gani. Ɗan shekara ɗaya da ya zubar da miya ba rashin kunya ya yi ba, hannunsa ne bai nuna ba. Ki nuna ɗauke abin, ɗauke yaron, ko ba shi wani abu a madadi. Jijjiga jariri don ya yi shiru na iya lalata ƙwaƙwalwarsa, wannan ki faɗe shi ƙarara. Rauni ko ƙuna da labarinsa bai hau ba, ki kai wa mai kula da ke, ita ta haɗa da asibiti da ofishin jin daɗin jama'a.

Mataki na 9: yawan zuwa da bin sawu

Tun a Jamaika an gwada zuwa mako-mako, bayan mako biyu, da wata-wata. Amfanin yana ƙaruwa da yawan zuwa, na wata-wata kuwa kusan bai bar kome ba. In ƙarfinku bai kai ba, ku rage gidaje, kada ku rage zuwa. Wata mafita daga jihar Odisha ta Indiya: taron uwaye kaɗan-kaɗan kowane mako ya ba da sakamako irin na ziyarar gida, kuɗinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A nan za a iya haɗa mata shida ko takwas a babban gida ɗaya, ko a jingina da ranar zubin adashi, a bar ziyarar ɗaki ga masu jego da waɗanda ba sa fita.

Kowace mai ziyara ta riƙe littafi: kwanan wata, wa da wa suka zauna, wane wasa aka yi, an tura asibiti, an je ko ba a je ba. Mai kula da su, wadda bai kamata ta riƙe fiye da mata takwas ko goma ba, ta bi kowacce gida sau ɗaya a wata, ta zauna shiru, ta duba abu uku: hannun wa yaron ya fi daɗewa, sau nawa aka yabi uwar, wasan ya dace da watanninsa. Gyaran a hanya za a yi shi, ba a gaban mutanen gida ba. Sau ɗaya a wata kuma duk su haɗu, su wanke kayan wasa da sabulu, su ɗinka sababbi, kowacce ta kawo gidan da ya gagare ta.

Da damina mata da yawa suna gona, haka lokacin dashen muskuwari, dawar rani, sai a mayar da ziyarar yamma ko ranar da ba a fita. Mai jegon da ta tafi wankan gida a wata unguwa, a bi ta can ko a haɗa ta da mai ziyarar can. Idan mai ziyara za ta bar aikin, ta kai wadda za ta gaje ta gida-gida da ƙafarta ta gabatar da ita. Yaron da ya cika shekara uku a sanar da gidan tun saura wata biyu, a rage zuwa a hankali, a duba karne da takardar haihuwa sun cika, a sa uwar cikin taron mata, a ba gurbinsa ga mai ciki ta gaba a layin.